Ɗakin Inna Ya Sha Ruwa, Yaya Ya Ce A Shafe Shi da Siminti Kafin Biki

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin yankin Auyo, ƙasar Haɗejiya a jihar Jigawa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, muna zaune a gidanmu na gado tare da mahaifiyata. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya shigo mana da daddare, ya kai gwiwa a tsakar gida, sai da ya kwana uku sannan ya janye. Katangar baya ta zube, masai ya rufta, rijiya ta cika da ƙazanta. Ɗakina na bulo ne da rufin kwano, danshi da wari kawai ya yi. Amma ɗakin Inna soron ƙasa ne, marigayi Baba ya gina mata shi tun tana amarya. Yanzu gindin bangon ya zaizaye, ga tsaga ta taso daga kusurwa har sama, ƙofar ma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Na roƙe ta ta dawo ɗakina, ta ƙi. Ta ce a nan ta haife mu, a nan Baba ya cika, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba bango ba ya kashe shi. Yayana da ke Kano ya aiko da naira dubu 300, ya ce in sayi siminti a shafe ɗakin a yi fenti kafin bikin autarmu nan da mako biyar, kada dangin ango su tarar da gida a wulaƙance. Da na ce ina ganin gara a rushe a sake, sai ya ce hanyar cin kuɗinsa nake nema. Ga kuma maƙwabcinmu, bana ya zuba ƙasa ya ɗaga ƙofar gidansa, ya toshe hanyar da ruwan unguwa ke bi, tun daga nan ko gaisawa ba ma yi. Ba na iya barci, motsi kaɗan sai in fito in haska ɗakin Inna da tocila. Ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina maka jaje, Allah Ya mayar muku da fiye da abin da ruwa ya ci. Na karanta wasiƙarka sau biyu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne tocilar nan da kake fitowa da ita cikin dare. Ba tsoron banza kake ji ba. Gaskiya ne ƙofar katako takan kumbura idan ta sha danshi, amma idan ta haɗu da tsaga a kusurwa da gindin bango da ya zaizaye, kowane magini zai gaya maka ɗakin ya motsa. Rufin soro ƙasa ce jibge a kan azara, ta sha malka ta ƙara nauyi, bangon da ke ɗauke da ita kuma ƙasansa ya yi laushi kamar tuwon jiya. Shi ya sa ɗakuna da yawa ba lokacin da ruwa ke tsaye suke faɗuwa ba, sai bayan ya janye, mutane sun koma sun shimfiɗa tabarma sun ce an tsira. Saboda haka maganar siminti da biki da maƙwabci duk su dakata. Inna ta bar kwana a ɗakin nan, yau idan da hali.

Na san ka gwada. Amma ka duba abin da ka ce mata. Ka ce ta dawo ɗakinka, wato ɗakin da kake kwana da matarka. Tsohuwa irin Inna, ko da ruwa ya kai mata wuya, da ƙyar za ta yarda ta shiga ɗakin surukarta ta kwanta a gadon ɗanta. Ba mamaki rabin ƙin nan kunya ce, ta lulluɓe ta da maganar ƙarar kwana don ba za ta iya faɗa maka ba. Ɗaya rabin kuma, ina zaton ta ji kalmar rushewa ta fito daga bakinka ko a waya da Yayanka. A wurinka bango ne ya tsage. A wurinta shekara arba'in ko fiye ce ake so a sa wa diga.

To ka canza salo. Kada ka sake ambaton rushewa a gabanta, kuma kada ka tsaya jayayya da ita a kan ƙaddara, ɗa ba ya cin nasarar wannan muhawara da uwa. Ka samo wanda take jin nauyinsa, kawunku idan yana raye, ko aminiyarta, ko limamin unguwa, ya zo gaisuwa da jaje, a cikin hira ya tuna mata cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abin da za a roƙe ta kaɗan ne: ta ba da aron ɗakin na 'yan makonni ya sha iska. Sannan ka tanadi wurin da ba zai sa ta jin kunya ba. Ko a gyara mata zaure a sa labule da ƙyaure, ko a kafa mata rumfar zana da tamfol a wuri mai tudu nesa da bangon, ko ta je wurin wata 'yar'uwarta a matsayin ziyara. Wadda za ta fi kowa iya wannan aiki ita ce autarku. Yarinyar da saura mako biyar ta bar gida, idan ta rungume Inna ta ce "kwanakin da suka rage mini ina so mu kwana tare, ni kuma tsoron ɗakin nan nake ji," ban ga uwar da za ta ƙi ba. Kuma daga daren yau kada jika ko ɗaya ya kwana a ciki. Ka faɗa mata haka cikin ladabi. Kaka takan yi kasada da ranta, amma kwana ba ɗumin jika yakan sa ta sake tunani.

Idan ta amince, kayanta su fita da mutunci. 'Ya'yanta mata su kwashe jeren kwanukanta da adakarta, da rana, mutum biyu kawai a ciki, ita kuma tana zaune tana nuna inda za a ajiye kowanne. Kada a bar samari su yi ta fatali da kaya kamar ana gwanjo.

Yanzu maganar siminti. Yayanka ba mugunta yake nufi ba, amma abin da ya ce a yi kitso ne a kan ƙwarƙwata. Bangon ƙasa ta fuskarsa yake fitar da ruwan da ya sha. Idan ka shafe shi da siminti yana jiƙe, ka ƙara masa da fentin mai, ka kulle ruwan a ciki ke nan. Daga waje sumul, a ciki ƙasa na ruɓewa, danshi na ta hawa sama yana neman mafita. Ga shi dama siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai, kowanne da yadda yake miƙewa da tsukewa idan zafi da sanyi suka sauya. Ina yaro an yi wa zauren kakanmu irin wannan gata ana gobe Sallah. Shekara na zagayowa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga, wata rana da la'asar shafen ya ɓallo gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, abin da ke bayansa gari ne da gara. Mafi muni, shafen zai ɓoye maka tsagar da ya kamata ka riƙa kallo kullum. Ranar biki kuwa, wane ɗaki ne mata za su cika maƙil in ba na uwar amarya ba?

Wannan tambayar ita za ka kai wa Yayanka, amma ba da faɗa ba. Ka sa kanka a matsayinsa. Yana Kano, bai ga ruwan ba, bai ji warin ba, ya matse aljihu ya turo dubu 300, amsar farko da ya samu ita ce kuɗin ba za su isa ba, a rushe. Dole ransa ya sosu. Kalmar da ya gaya maka ta yi zafi, kuma bai kyauta ba, amma ka bar ta ta wuce tukuna, kada ka nemi ya janye ta kafin a gyara ɗaki. Gani ya kori ji. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka sa hannunka cikin zaizayar gindin bangon a ga zurfinta, ka tura masa. In da hali ya zo ranar Juma'a ko Lahadi, ai Kano da ƙasar Haɗejiya ba nisan a zo a gani ba ne. Ku kira tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa, ba yaron da bulo kaɗai ya iya ba, ya yi magana a gabanku duka. Gidan nan na gado ne, Yaya da auta da Inna duk suna da haƙƙi a ciki, don haka hukuncin rushewa ko gyara ba naka ba ne kai kaɗai, ba kuma nasa ba. Kuɗin kuma kada ka taɓa ko sisi sai kun daidaita. In an fara aiki, ka sayi littafin makaranta ka riƙa rubuta komai, ka ɗauki hoton shafin ka tura masa duk mako. Ba don ana zarginka ba, don bakin shaiɗan ya mutu.

Kai ma ina da gyara a maganarka. Ka yi saurin cewa a rushe. Wataƙila haka ne, wataƙila a'a, bangon ne zai faɗa. Kafin magini ya zo, a samo itatuwa masu ƙwari a tokare azarar daga ciki kusa da bangon da ya tsage, a sa katako ƙarƙashin kowace tokara don kada ta nutse a daɓe mai laushi, a kuma tokare bangon daga waje. Sai ka ɗauki gawayi ka ja layi a daidai inda tsagar ta tsaya, ka liƙa ɗan siririn yaɓe a kanta wuri biyu ko uku. Duk safiya ka leƙa. Idan tsagar ta haura layin gawayi ko yaɓen ya rabe, bangon yana tafiya har yanzu. Ka ɗaura dutse a igiya ka sako daga saman bango, za ka ga ko ya karkata. Ka soka dogon ƙusa ko tsinken ƙarfe a gindi, ka ji iya inda laushi ya kai. Idan laushin ya ci kusan rabin kaurin bango, ko bangon ya sunkuya, ko bakin azara ya fara zamewa daga mazauninsa, wannan ɓangaren sai an sauke shi. Saukewa kuma daga sama ake yi, a kwashe ƙasar rufi, a zare azara, sannan bango. Ba a fara sara daga ƙasa.

Idan kuwa tsagar ta tsaya cak kuma zaizayar ba ta yi zurfi ba, ɗakin zai gyaru. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a iske mai tauri, a cike da sabuwa da aka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu, amma kaɗan-kaɗan, kamu biyu a nan, a tsallake, kamu biyu a can, kowanne ya bushe kafin a taɓa na kusa da shi. Wanda ya kankare gindin bango gaba ɗaya a yini guda ya sare wa ɗaki ƙafa. Kuma ko da an kai ga saukewa, ba a rasa abin gaya wa Inna ba. Azarar giginya tana shekaru ba ta gaji ba, ƙasar tsohon bango kuma ana sake jiƙa ta a buga tubali. Ɗakin zai tashi a gurbinsa, ƙofarsa na kallon inda take kallo, da azarar da Baba ya ɗora da hannunsa. Wannan ba daɗin baki ba ne, haka maginan ƙasa suke yi tun kaka da kakanni.

Sai dai duk wannan ba aikin mako biyar ba ne. Bango mai kauri da ya kwana uku cikin ruwa yana buƙatar iskar hunturu ta ratsa shi, wato daga Nuwamba zuwa Janairu. Kafin nan a buɗe ƙofa da taga, a kwashe laka da tarkacen da suka jingina da bango, a buɗe wuriya ruwa ya daina kwanciya. Kada a hura wuta a ciki don a gaggauta, zafi yakan busar da fuska ya farfasa ta ya bar ciki a jiƙe. Kuma ko a ɗakinka kada a kwana da kaskon garwashi ƙofa a rufe don korar danshi, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kisa. In kana son sanin bango ya bushe, ka manna masa farar leda da yamma, ka toshe gefunanta. In ka ga gumi a bayanta da safe, da saura.

Bikin fa? A yi shi. Wa zai zo ƙasar Auyo bana ya yi mamakin ganin shatin ruwa a bango? Dangin angon ma in daga wannan yanki suke, ƙila nasu ya fi naku. A ja sabuwar zana a gurbin katangar da ta zube, a zuba yashi mai kyau a tsakar gida, a kafa rumfa, a kewaye ɗakin Inna a kulle. Uwar amarya ta karɓi baƙinta a rumfa ko a ɗakin da kuka gyara mata. Wannan ba zai ci wani abin kirki cikin kuɗin ba, sauran ya jira rani.

Abin da nake so a kashe wa kuɗi kafin biki shi ne wanda ba ka tambaye ni ba: rijiya da masai. Ruwan da ya rufta masai shi ne ya cika rijiya, kuma bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa. Gidan da za a tara jama'a a ci a sha, wannan ya fi fenti muhimmanci nesa ba kusa ba. Kada a sha ruwan rijiyar nan, ko da ya kwanta ya yi garau. Alif datti yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tafasa ruwan sha ya yi ɓararraka sosai, ko a sa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikinsa. A kira masu yasa su kwashe ruwan da lakar, ka nemi duba-gari ko ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su zuba sinadarin kulorin, sannan a ɗaga bakin rijiyar a yi mata murfi. Tsohon masai a cike shi da ƙasa tun yaro bai zurma ba, sabon kuma a haƙa shi nesa da rijiya gwargwadon yadda fili ya ba da dama, mita 30 ake so, kuma ta gangare. In wani ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, yana sha ana tafiya asibiti.

Ɗakinka na bulo shi ma kada ka raina warinsa, fumfuna ce, kwana biyu cikin danshi ya ishe ta kama. A wanke daɓe da bango da sabulu, a bi da ruwan bilic na wanki kamar kofi ɗaya a jarkar lita 20, taga a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Farin gishirin da zai riƙa tsatsowa a jikin bulo a goge shi a bushe da burushi, fenti sai ya daina fitowa. Katifar soso da ta sha ruwan masai ku haƙura da ita. Hatsin da ya jiƙe a baza a rana, amma masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna a binne ta, gubar da ke cikinta dahuwa ba ta kashe ta, kuma ko kaji kada a ba. In za ka ɗaga dami ko tarin kara, fara taɓawa da sanda, macizai da kunamu ma tudu suka nema.

Saura maƙwabci. Idan ya toshe hanyar ruwan unguwa ya yi kuskure, addini ya ce ba cuta ba cutarwa. Amma ka yi masa adalci a zuciyarka: tarin ƙasar ƙofar gida ba ya kawo ruwa iya gwiwa na kwana uku. Wannan aikin kogi ne. Ruwan da ke sauka daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa yana haɗuwa ya bi ta Wudil da Ringim ya gangaro muku, ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kachalla ta cushe hanyoyin ruwa. Kun gani a 2012, kun gani a 2020 da 2022. Shi ma tsoron da ya hana ka barci ne ya sa shi zuba ƙasa, sai dai ya tsare kansa ya manta da na bayansa. Kai ka fara yi masa sallama, ka kai masa goron bikin auta da hannunka. Maganar magudana kuma kada ta zama tsakaninka da shi, ka kai wa mai unguwa a matsayin matsalar layi gaba ɗaya, a sa ranar gayya bayan an gama girbi, a fitar wa ruwa hanya, kowa ya ba da taku ɗaya ko biyu. A wurin mai unguwar kuma ka tabbatar an rubuta gidanku cikin waɗanda za a miƙa wa ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da hotunan ɓarnar. In tallafi ya zo, alhamdulillahi, amma kada ka jingina aikinka da shi.

Tunda ruwan zai iya dawowa, simintin Yayanka yana da wurin da zai yi amfani, kuma ka gaya masa haka don ya san ba a watsar da shawararsa ba. Wurinsa ƙasa ne, ba fuskar bango ba. In za a sake ɗakin, a tayar da harsashi da dutse ko bulo da siminti har ya haura shatin da ruwan bana ya bari, a shimfiɗa leda mai kauri a kai don danshi kada ya hau, a ɗora tubali daga nan, a cike cikin ɗakin ya yi tudu. In gyara aka yi, a zagaye gindin da dakali mai gangara waje, a sa dogon indararo da zai watsa ruwa nesa da bango, a yi yaɓe da makuba kamar yadda aka saba. Kafin wani ya goge shatin nan, je ka da wuƙa ka yi masa alama a jikin bishiya ko ginin bulo, domin da shi magini zai yi awo. In Inna ta kwana a sabon wuri, ka rubuto mini in ji, ka gaishe ta da kyau, ka ce ina mata barka da arziki.